Shingen Masta Munkaila

Moshi Zango, Kumasi
Watan Maris

Yaya Abdulnasir,

Assalamu alaikum. Ina fata saƙon nan zai same ka lafiya a duk tekun da jirginku yake yanzu. Mu nan alhamdu lillahi. Mma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ana samun abinci mai yaji a jirgin nan, ko kullum dankali ne.

Jikin Baba da sauƙi, in ji likita. Bakin ya saki, ana gane maganarsa. Ƙafar dama tana ja, hannun dama kuwa yana nan kamar ba nasa ba. Amma ni da nake wuni da shi, ba jikin ne yake damuna ba. Matar da take yi masa gashi a asibiti ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefi kaji da shi. Yaran garejinsa na Magazine, unguwar makanikai, sun zo gaisuwa, ya juya fuska bango ya ce in ce yana barci. Kawunka da ka sani, Masta Munkaila da yake gane ciwon inji tun mota ba ta shigo gareji ba, yanzu wuni yake a kujera yana kallon igiyar shanya. Abokinsa Alhaji Sulley mai kayan gyara kaɗai yake bari ya shigo, shi ma ba wata hira suke yi ba.

Ni kuma na ɗauki hutu daga koyarwa, hedimasta ya ce zai riƙe mini ajina zuwa ƙarshen zangon karatu. Zaman gidan ya fara cina. Sai in share tsakar gidan da na riga na share, in fita bakin lungu in tsaya, in rasa abin da na fito yi.

Ƙunshinka ya iso. Abokin aikinka da ya sauka a Tema ya sa shi a mota, na je tasha na karɓo. Na buɗe ina tsammanin magani, sai ga ƙwayoyi irin na ludo, wata har fuska ashirin gare ta, ga takardu cike da rubutunka na tsakurar kaza. Haba taubashi, mutum yana fama da shanyewar ɓarin jiki ka aiko masa da kayan wasa? Mma ta gani ta ce caca ce, sai da na rantse mata ba a zuba komai.

Na karanta takardun. Na gane ni ce zan riƙe labarin, in faɗi gari da daji da dodanni, shi kuma Baba ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya riƙa faɗin abin da mutumin zai yi. Abin da ya shige mini duhu shi ne gwajin nan da ka cika shafuka da shi. In Baba ya ce mutuminsa zai haura katanga, wa zai ce ya haura ko ya faɗo? Ni, ko ƙwaya? Kuma ina bambancin baiwa da ƙwarewa? Ka yi mini bayani da Hausar mutane. Ban yi alkawarin zai yarda ba, amma duk wata dabarata ta ƙare.

Ƙanwarka,
Fadilatu

*

Daga jirgi, tashar ruwan Dakar
Watan Maris

Fadila,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai zafin ɗakin inji. Ki gaishe da Mma, ki ce mata yajin da ta ƙulla mini ne yake riƙe da raina. Kawu kuma ki durƙusa ki gaishe mini da shi. Tun da na karanta zancen igiyar shanyar nan na kasa zama wuri ɗaya. Mutumin da ya ɗora mini sifana a hannu tun ina ƙarami, yau yana kwance, ni kuma ina nan ina shafa wa injin wasu mai.

Ba raini ne ya sa na aiko da wasan ba. A jirgi na koye shi. In tafiya ta yi tsawo, ruwa gaba ruwa baya, shi ne yake hana mu haukacewa. Na ga mutumin da ya daina yi wa kowa magana ya dawo yana ihu a kan ƙwaya.

Ga bayanin. Baiwa ita ce abin da aka halicci mutum da shi: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, lura, kwarjini. Kowace tana da 'yar lamba a takardar mutumin. Ƙwarewa kuwa abin da ya koya ne, kamar ƙira ko buɗe kwaɗo ko bin sawu. Kin tuna Boukari na garejin Kawu, ƙaton nan da yake ɗaga giyabos shi kaɗai amma ba ya kwance fulogi bai karya ba? To ga baiwa nan ba ƙwarewa.

In mutum zai yi abin da ana iya ci ana iya faɗi, ke mai riƙe da labari sai ki sa masa shinge, wato lambar da dole ya kai. Abu mai sauƙi goma, matsakaici sha biyar, mai wuya ashirin. Ya jefa ƙwaya mai fuska ashirin, ya ƙara lambar baiwar da aikin yake bukata, in kuma ya ƙware a aikin ya ƙara biyu. Katanga ce, kin sa sha biyar. Ya jefa sha ɗaya, ƙarfinsa biyu, ya iya hawa, ƙarin biyu. Sha biyar ke nan, ya haura. In bai kai ba, labari ba ya tsayawa, sai dai wani abu ya same shi: dutse ya zame, mai gadi ya ji motsi. In wani ya taimaka masa, ya jefa sau biyu ya ɗauki babbar.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki tsananta masa. Kawu ya sha faɗuwa a watannin nan, ba sai kin ƙara masa a inda bai kamata ba.

Ana kirana ƙasa, za mu tashi. Daga nan sai Allah ya kai mu wata gaɓar kafin in sake samun hanyar aiko saƙo.

Yayanki,
Abdulnasir

*

Moshi Zango
Watan Afrilu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, sai ruwan sama da ya fara, kwatar bakin lungu ta cika kamar kullum. Mma ta yi mura ta warke.

Ya yarda! Ba ta hanyar da na shirya ba. Da na kai masa takardun ko kallonsu bai yi ba. Sai na roƙi Alhaji Sulley ya zauna mu yi a gabansa. Na ƙirƙiro labarin ayarin fataken goro da aljanu suka kwashe zuwa wani birnin ƙarfe a tsakiyar kurmi. Alhaji ya ɗauki wani maroƙi mai bakin zuma, ya sa masa suna Kwaku Baki. Ka san Alhaji da gaggawa. Aka zo gadar igiya, ya ce zai ruga ya haye. Sai muka ji murya daga kujera: "Sakarai. Wa yake hawa gada bai leƙa ƙasanta ba?" Alhaji ya ce, "To Masta, in ka fi ni iyawa zo ka leƙa." Sai Baba ya miƙo hannun hagu ya ce, "Ba ni abin nan."

Mutuminsa maƙeri ne, sunansa Jatau. Shi ya raba lambobinsa da kansa. Basira uku, lura biyu. Da muka zo ƙarfi na ce mu sa biyu, ya ce, "Dabi, a'a. Tsoho ne, ƙarfin ya tafi. Ki rubuta a rage masa ɗaya." Na rubuta.

Ranar farko lafiya. Ya leƙa ƙasan gadar, gwajin lura, shinge goma, ya jefa sha huɗu, na ce ya ga an yanke igiya rabi. Da ka ga yadda ya kalli Alhaji! Amma a zama na biyu aka zo ƙetare kogi, gwajin ƙarfi, ya jefa uku. Na ce ruwa ya kwashe Jatau ya buga shi da dutse. Yaya, fuskarsa ta canja. Ya kalli hannunsa na dama ya daɗe, ranar ko tuwo bai taɓa ba.

A nan na tuna maganarka, kada in tsananta masa. To na bi ta. Yanzu ba na faɗin shingen, a zuciyata nake riƙe shi. Sai ya jefa in gani tukuna. In ya samu tara, shingen tara ne. Wani lokaci in bar Alhaji ya faɗi don kada abin ya yi yawa, shi ba ya damuwa. Jatau kuwa ya buɗe kwaɗon aljanu, ya bi sawun ayari a kan dutse, ya haura ganuwa. Baba yana cin abinci. Jiya na same shi ya sa an tsinto ƙwallon robar nan yana matsawa, da ya gan ni ya ɓoye a ƙarƙashin riga.

Ni ma abin ya kama ni. Ina wanke-wanke ina tsara ƙofofin birnin. Ka amsa da wuri, ina da tambayoyi a kan yadda ake gwada kwarjini in wanda ake lallashi ba mutum ba ne.

Fadilatu

*

Moshi Zango
Watan Mayu

Yaya Abdulnasir,

Sallama. Ina fata kana lafiya. Shirun ya yi yawa. Kullum sai na duba wayata har Mma ta fara yi mini faɗa. Na san teku ne, amma da ka san halin da nake ciki.

Abu ya lalace. Mun kai babbar ƙofar birnin, na bayyana ta da bakina: ƙarfe ce zalla, giwa huɗu ba sa ɗaga ta. Na shirya musu wata ƙaramar hanya ta magudanar ruwa, ina jira su nemo. Sai Baba ya ce, "Jatau zai ɗaga ta da hannu." Alhaji ya ce, "Masta, ka haukace?" Baba bai kula shi ba. Ya jefa. Biyar. A rage ɗaya, huɗu.

Da na tsaya na yi tunani. Amma na ga yana kallona, na tuna ranar kogin, sai bakina ya riga ni. Na ce Jatau ya yi nishi, ƙofa ta ɗaga.

Baba ya ɗauki ƙwayar ya juya ta a tafinsa. Ya ce, "Huɗu." Na ce e. Ya ce, "Tun yaushe?" Na yi kamar ban gane ba. Ya ce, "Kwaɗon nan da na buɗe da takwas. Ganuwar da na haura da bakwai. Na daɗe ina lissafi, na ce bari in gwada ki da abin da ko mahaukaci ya san ba ya yiwuwa." Sannan ya faɗi abin da har yanzu yake yi mini amo a kunne: "A masallaci a ba ni hanya. A asibiti a yi mini magana kamar jariri. Nan ne kaɗai na ɗauka ana auna ni da mudun kowa. Ashe ke ma sadaka kike ba ni, Fadilatu."

Ya ture teburin da hannun hagu, ƙwayoyi suka watse har kwata.

Tun ranar Baba ya daina magana. Ina shiga ina fita, baki a rufe, ido a bango. Ƙwallon ma ya daina matsawa, hannun yana nan a yashe. Mma tana ta kuka a kicin. Gobe za mu asibiti. Na bi shawararka, ga inda ta kai mu. Ban ce laifinka ne ba, amma ban san na wa ba ne.

Fadilatu

*

Daga jirgi, tashar ruwan Durban
Watan Yuni

Fadila,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu muka shigo gaɓa, saƙonninki biyu suka faɗo tare. Na karanta na farko ina dariya ni kaɗai, na buɗe na biyu dariyar ta yanke. Ina lafiya, kada ki damu da ni. Ya jikin Kawu? Na kira wayarki ba ta shiga, ta Mma a kashe.

Ciwon ne ya dawo? Bakin ya sake kamawa gaba ɗaya? Me likita ya ce? An kwantar da shi ne? Kin rubuta wannan tun watan jiya, ni ina tsakiyar ruwa ban san komai ba. Allah kaɗai ya san abin da ya faru tsakanin nan.

Na riga na je wurin kyaftin na ce a sallame ni. Ya ce in na sauka kafin wa'adina ya cika kamfanin ba zai sake ɗaukata ba, ya ba ni zuwa ranar da za mu bar tashar nan in yi tunani. Ba wani tunanin da zan yi. Ni na aiko da abin da ya tayar masa da hawan jini, ni zan zo in yi jinyarsa.

Kuma Fadila, wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba. Da na ce kada ki tsananta masa, nufina kada ki sa shi jefa ƙwaya a kan abin da ba ya bukatar gwaji. Maƙeri ba ya jefa ƙwaya don hura wuta ko gyara ƙusa, cewa kawai ake ya yi. Gwaji sai inda akwai haɗari na gaske. Shinge kuwa kafin a jefa ake sa shi, in an sa ba a taɓa shi. Na yi niyyar ƙarasa miki wannan, aka kira ni. Da na ƙara layi biyu kawai.

Ki amsa ko da kalma ɗaya ce. Ina nan a bakin matakala inda waya take kamawa, na ƙi komawa ƙasa.

Abdulnasir

*

Moshi Zango
Watan Yuni

Yaya,

Kada ka sauka! Ka koma wurin kyaftin yanzu ka ce ka fasa, sannan ka dawo ka ƙarasa karantawa. Baba lafiyarsa ƙalau, ciwo bai dawo ba. Ni ya daina yi wa magana, ni kaɗai. Da Mma da Alhaji yana hirarsa. Asibitin kuma ranar gashinsa ce da aka saba. Na sake karanta abin da na rubuta maka na ga yadda na tsorata ka, ka yafe mini. Wayoyin kuwa wuta ce aka ɗauke mana a unguwa, taransifoma ta ƙone, sai na kai Adum cikin gari ake yi mini caji.

Ga abin da ya faru. Ya daɗe yana fushi da ni. In kawo abinci, sai ya ce wa Mma, "Ki ce wa Malama ta ajiye." Ran nan na dawo daga kasuwa na tarar da kujera ba kowa. Hankalina ya tashi, na zaga masallaci, na zaga gidan maƙwabta. Mma tana tankaɗe ta ce, "Ki zauna, sun tafi Magazine." Na ce wa da wa? Ashe Alhaji Sulley ya kawo pragya, keken haya mai ƙafa uku, har ƙofar gida, suka ɗora shi. Mutumin da ya ƙi yaransa su gan shi a ɗaki, ya tafi garejinsa da rana tsaka yana jan ƙafa.

Nurudeen, wanda yake riƙe da garejin yanzu, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce da Masta ya sauko, duk layin aka ajiye guduma. Bai bari an yi masa sannu ba. Ya ce a kawo tsohon faifan birki da boris mai kyau da guntun ƙarfe. Ya zauna a kan taya, ya riƙe alli da hannun hagu ya raba faifan gida ashirin, layin ya karkace ya goge ya sake, ya hana kowa karɓa. Da mai walda ya ɗora abin a karkace, Nurudeen ya ce Masta ya zage shi da Hausa ya ƙara da Twi, yara suna ta murna a ɓoye.

La'asar suka dawo da shi a bayan aboboyaa, keken ɗaukar kaya. Madadin ƙwaya ya ƙera: faifai ne a kan ƙafa uku, lambobi da fenti rawaya, ga 'yar waya tana nuna inda ya tsaya. In ka juya shi har maƙwabta suna jin ƙararsa. Baba ya sa aka kafa shi a tsakar gida, ya sa aka ɗauko allon da nake koya wa yaran unguwa karatu. Sannan ya dube ni, karo na farko, ya ce, "Malama, mu koma ƙofar nan. Rubuta shingen kowa ya gani."

Na rubuta ashirin. Ya ce, "Giwa huɗu kika ce." Na goge na rubuta ashirin da biyar. Ya ce wannan ba ta ɗaguwa ke nan, su nemi wata hanya. Suka samo magudanar ruwan, bakinta da ƙaramin murfin ƙarfe. Gwajin ƙarfi, na rubuta sha biyar. Alhaji ya ce Kwaku Baki zai kama masa, don haka juyi biyu. Baba ya kama faifan ya murɗa. Huɗu. Ya sake. Sha ɗaya, a rage ɗaya, goma.

Duk suka zuba mini ido, har Mma ta fito da ludayi a hannu. Na ce murfin ya suɓuce ya faɗi da ƙara, gudumar Jatau ta faɗa rami, masu gadi suka fito suka ɗaure su biyun suka jefa a kurkukun ƙasa. Ban rage komai ba.

Alhaji Sulley ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Masta, murfin kwata ya kayar da kai!" Sai a lokacin na lura tun da ciwon nan ya same shi ba wanda ya taɓa yi masa dariya. Baba ya ce, "Kai da aka ce ka kama, bakinka ka sa ko hannu?" Suka yi ta musu kamar a gareji. Ya cinye tuwonsa a wurin yana mita.

Bai gama hucewa da ni ba. Har yanzu Malama nake, kuma duk lambar da na rubuta sai ya sa Alhaji ya matso da allon ya duba. Amma ya yarda a mai da wasan ranar Asabar, don shi ya kore ni da kansa, ya ce in koma ajina ranar Litinin, gidansa ba ya bukatar mai gadi. Sauran ranakun Nurudeen zai riƙa aiko pragya.

Na karanta masa saƙonka. Ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa: "Ka gaya wa yaron nan in ya bar injin mutane a tsakiyar hanya saboda ni, kada ya ce a garejina ya koyi aiki."

Zan tsaya nan, yana kirana. Tun ɗazu yake aiko Mma da tambaya ɗaya: ƙofar kurkukun, fatarta, ƙarfen da take juyawa a kai, ta ciki take ko ta waje? Na ce ta ciki. Yanzu ya ce a kawo masa takardar Jatau, wai yana so ya ga ko masu gadin sun tuna sun ƙwace masa awartaki. Na duba, Yaya. Ban ce sun ƙwace ba.

Ƙanwarka,
Fadilatu